The Fighting 69th: Fim ɗin da Ya Ɗora Laifin Yaƙi a Kan Matsoraci Guda

A watan Janairun 1940, lokacin da yaƙi ya riga ya ɓarke a Turai amma Amurka ba ta tsoma hannu ba tukuna, kamfanin Warner Bros. ya fitar da wani fim marar launi mai suna The Fighting 69th, wanda William Keighley ya ba da umarninsa, kuma tsawonsa bai wuce minti 90 ba. Fim ɗin ya ɗauki sunansa daga laƙabin runduna ta 69 ta jihar New York, wadda akasarin sojojinta tun kafuwarta baƙi ne daga tsibirin Ailan da 'ya'yansu, kuma labarinsa ya bi sawun wannan runduna daga sansanin horo na Camp Mills a 1917 har zuwa ramukan yaƙi na Faransa a 1918. James Cagney ne ya fito a matsayin Jerry Plunkett, saurayi mai cika baki wanda marubuta fim ɗin suka ƙirƙira, amma mutane uku da ke kewaye da shi duk sun rayu da gaske: Fada Francis Duffy, limamin Katolika na rundunar, wanda Pat O'Brien ya taka rawarsa, Manjo William Donovan, wanda George Brent ya fito a matsayinsa, da mawaƙi Joyce Kilmer, wanda Jeffrey Lynn ya wakilta. Wannan gauraya ta mutumin ƙage da mutanen tarihi ita ce ta ba fim ɗin ƙarfi, kuma daga gare ta ne babban aibinsa ya fito.

Ba za a fahimci dalilin da ya sa aka zaɓi wannan runduna ba sai an koma ga yunwar da ta afka wa Ailan tsakanin 1845 da 1852, lokacin da wata cuta ta ruɓar da dankalin Turawa, wanda shi ne cimar talakawan ƙasar, har mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan ɗaya kuma suka tsallaka teku. Waɗanda suka sauka a New York da Boston sun tarar da al'ummar da galibinta mabiya ɗarikar Furotesta ne, masu kallon Katolika a matsayin mutanen da biyayyarsu ke ga Fafaroma a Rum kafin ƙasar da ta karɓe su, har aka kafa jam'iyyar siyasa a shekarun 1850 wadda babbar manufarta ita ce taka wa irin waɗannan baƙi birki. A cikin wannan yanayi ne runduna ta 69 ta samu gindin zama a cikin dakarun sa-kai na jihar, wato farar hula da ke samun horon soja lokaci-lokaci domin a kira su idan buƙata ta taso, kuma wasu daga cikin waɗanda suka kafa ta suna da burin koyon yaƙi ne domin wata rana su koma su kori Ingila daga ƙasarsu ta asali. A 1860, da Yariman Wales mai jiran gadon sarautar Birtaniya ya ziyarci New York, kwamandan rundunar Kanar Michael Corcoran ya ƙi fito da sojojinsa su yi masa fareti, aka gurfanar da shi gaban kotun soja, kuma ba a janye ƙarar ba sai da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, gwamnati ta ga tana buƙatar duk wanda zai iya riƙe bindiga.

A wannan yaƙin basasa, tsakanin jihohin Arewa da jihohin Kudu masu riƙe da bayi, rundunar ta yi suna da jini mai yawa, musamman a Antietam a watan Satumban 1862 da Fredericksburg a watan Disamba na wannan shekara, inda aka tura ta tare da sauran rundunonin 'yan Ailan ƙarƙashin Janar Thomas Francis Meagher su fuskanci katangar dutse da maharban Kudu suka fake a bayanta. Ana danganta laƙabin da fim ɗin ya ɗauka ga Janar Robert E. Lee, babban kwamandan Kudu, wato abokin gaba ne aka ce ya raɗa mata sunan yabo. Sai dai tarihin 'yan Ailan na New York a wannan yaƙi yana da ɓangaren da fim ɗin bai waiwaya ba ko sau ɗaya. A watan Yulin 1863, bayan an kafa dokar tilasta shiga soja wadda ta yarda mai kuɗi ya biya dala 300 ya tsira, talakawan birnin, akasarinsu 'yan Ailan, sun yi bore na kwanaki, suka huce haushinsu a kan baƙaƙen fata, suka kashe da dama, suka ƙona gidan marayunsu. Al'ummar da aka wulaƙanta ita ma ta sami na ƙasa da ita ta wulaƙanta, kuma wanda ya san rundunar ta bakin wannan fim kaɗai ba zai taɓa jin labarin ba.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a ranar 6 ga Afrilun 1917, hukumar soja ta sauya wa rundunar lamba zuwa ta 165, ta sanya ta cikin babbar runduna ta 42 da ake kira Bakan Gizo, saboda an haɗa ta ne da dakarun sa-kai na jihohi masu yawa, kuma Douglas MacArthur, wanda daga baya ya jagoranci yaƙi da Japan, shi ne babban hafsan tsare-tsarenta. Fim ɗin ya yi amfani da wannan haɗuwa da kyau, domin ya nuna dambe da ya kaure a sansani tsakanin 'yan New York da sojojin jihar Alabama, waɗanda kakanninsu suka harbi juna a yaƙin basasa, sannan ya sa Donovan ya tsawatar, ya tuna musu cewa yanzu tuta guda suke bi. Abin da bai faɗa ba shi ne cewa New York tana da wata rundunar sa-kai ta baƙaƙen fata, ta 15, wadda daga baya ta zama ta 369, kuma ba a ba ta gurbi a cikin Bakan Gizo ba, aka miƙa ta ga sojojin Faransa ta yi yaƙi ƙarƙashin umarninsu. Haɗin kan da fim ɗin ke murna da shi na fararen fata ne, na Arewa da na Kudu, na Katolika da Furotesta da Bayahude, kuma a nan iyakarsa ta tsaya.

Ko batun zama 'yan Ailan zalla ma bai cika ba, domin kafin a tashi zuwa Faransa an cike gurbin rundunar da ɗaruruwan sojoji daga wasu rundunonin New York, cikinsu har da waɗanda ba su da wata alaƙa da tsibirin. Kilmer kansa ya taso ne a gidan Furotesta a New Jersey, ya karɓi ɗarikar Katolika a 1913, Laftanar Oliver Ames, mataimakin Donovan, ɗan wani gidan attajiran Massachusetts ne, shi kuwa Fada Duffy a Kanada aka haife shi a 1871. Fim ɗin ya amsa wannan gaskiya ta hanyar wani soja Bayahude da ya ɓoye sunansa na ainihi ya kira kansa Mike Murphy domin a karɓe shi, wanda Plunkett ya gane asirinsa ya yi masa magana da Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai, harshen da Cagney ya koya da gaske tun yana yaro a unguwannin talakawa na New York. Da farko an yi abin kamar na raha, amma lokacin da wannan soja ya zo mutuwa, limamin Katolika ne ya durƙusa a gefensa ya taya shi addu'ar addininsa. Mai kallo a 1940 ya san abin da ake nufi. A shekarun nan wani limamin Katolika mai jinin Ailan, Fada Charles Coughlin, yana amfani da rediyo wajen cusa wa miliyoyin masu sauraro ƙin Yahudawa, kuma a cikin watan da aka saki fim ɗin ne hukumar FBI ta kama mutum 17 na wata ƙungiya mai bin ra'ayinsa a New York bisa zargin shirya tayar da zaune tsaye. 'Yan'uwan gidan Warner, waɗanda Yahudawa ne 'ya'yan baƙi daga Poland, kuma suka riga sauran kamfanoni fitar da fim mai sukar 'yan Nazi a fili a 1939, sun ajiye wa jama'a wani irin limami dabam domin su kwatanta.

Kashin bayan labarin kuwa shi ne Plunkett. Ya shiga soja yana alfaharin zai dawo da ƙirji cike da lambobin yabo, ba ya ganin kowa da gashi, yana raina horo, yana yi wa saje ɗinsa Big Mike Wynn rashin kunya, yana kuma kallon limami a matsayin mutumin da bai da aikin yi a tsakanin mazaje. Da aka isa ramukan yaƙi, wato dogayen gwalalo da sojojin ɓangarorin biyu suka haƙa suna zaune a ciki wata da watanni suna fuskantar juna, gangancinsa ya jawo ruwan harsasan igwa daga Jamusawa, har wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya rufta a kan abokansa. A karo na gaba, da ya ga gawa da jini ido da ido, sai zuciyarsa ta karye gaba ɗaya, ya ruɗe ya tona wurin da suke ɓoye, aka kashe wasu, har saje Wynn ya rasa 'yan'uwansa biyu ta dalilinsa. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar harbi, amma kafin a zartar, bam ya rushe ɗakin da ake tsare da shi, ya sami damar tserewa. Abin da ya tsayar da shi shi ne ganin Fada Duffy a tsakiyar masu rauni yana kwantar musu da hankali da addu'a alhali rufi na zubowa a kansu. Daga nan ya koma bakin daga, ya taimaka wa saje Wynn harba ƙaramar igwa domin buɗe hanya ta cikin wayar ƙaya da ta tare rundunar, kuma da gurneti ya faɗo kusa da su ya kwanta a kansa, ya ceci mutumin da ya fi kowa dalilin ƙinsa.

Cagney ya yi abin da 'yan wasa kaɗan na zamaninsa za su yarda su yi, domin tauraro ne da ya yi suna tun fim ɗin The Public Enemy na 1931 a matsayin tantiri marar tsoro, amma a nan ya bar kyamara ta ga jikinsa yana rawa, muryarsa tana sarƙewa, idanunsa suna neman mafita kamar na ɓera a cikin randa. Tsoron da ya nuna ya fi duk jawaban kishin ƙasa da ke cikin fim ɗin gaskiya, kuma shi ne dalilin da ya sa har yanzu fim ɗin ya cancanci kallo. Masu kallo na lokacin suna da wani abin kwatance a zuciya, domin shekara biyu kafin nan, a fim ɗin Angels with Dirty Faces na 1938, Cagney ya fito a matsayin ɗan daba mai taurin zuciya, O'Brien kuma limamin da ya roƙe shi ya nuna tsoro a kan hanyarsa ta zuwa kujerar kisa domin yaran unguwa su daina ɗaukarsa gwarzo. A The Fighting 69th an juya lamarin, limamin nan dai yana jan matsoraci na gaske zuwa ga jarumta. A duka finafinan biyu mutuwa ce farashin tuba, kuma wannan ya dace da ƙa'idar tace finafinai da Hollywood ta fara aiwatarwa da tsanani daga 1934 ƙarƙashin Joseph Breen, shi ma Bakatolike ɗan asalin Ailan, ƙa'idar da ba ta yarda mai laifi ya ƙare labari ba tare da ya biya ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a auna fim ɗin da ma'aunin tarihi, domin ruftawar ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ya nuna ta faru da gaske. A ranar 7 ga Maris 1918, a dajin Rouge Bouquet da ke yankin Lorraine, harsashin igwar Jamus ya faɗa a kan wani maɓoya, ƙasa ta binne sojojin rundunar kusan 20, Donovan da wasu suka yi ta haƙa cikin luguden wuta, amma akasarinsu ba su fito da rai ba, kuma a kansu ne Kilmer ya rubuta waƙar makoki da ake karantawa a fim ɗin. Babu wani Plunkett a Rouge Bouquet. Mutanen nan sun mutu ne saboda haka yaƙin ramuka yake, inda igwa da ke nesa da nisan kilomita da yawa take kashe mai horo da marar horo, jarumi da matsoraci, ba tare da wani ya yi kuskure ba. Da fim ɗin ya ƙirƙiro mutum guda ya rataya masa wannan asara, sai ya ba mai kallo wata natsuwa ta ƙarya, cewa mutuwa a fagen fama tana da sanadin da za a iya nunawa da yatsa, kuma da kowa ya bi umarni da ba a yi ta ba. Wannan zalunci ne ga mamatan, domin ya mai da ajalinsu darasin ladabtarwa, kuma sassauci ne ga manyan hafsoshi, waɗanda a watan Oktoban 1918, a gaban ƙauyen Landres-et-Saint-Georges, suka tura wannan runduna ta auka wa wayar ƙaya da igwa ba ta yanke ba. A wannan gumurzu ne aka harbi Donovan a ƙafa ya ƙi yarda a ɗauke shi sai da mutanensa suka sami mafaka, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka.

Hukuncin kisan da aka yanke wa Plunkett shi ma yana buƙatar bayani. Sojojin Amurka ba su harbe kowa ba saboda gudu daga fagen fama a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ko da yake an yanke irin wannan hukunci ga wasu kafin a sassauta, saɓanin Birtaniya, wadda ta harbe ɗaruruwan sojojinta bisa laifin tsoro ko gudu, kuma sai a 2006 ta yi wa 306 daga cikinsu afuwa bayan mutuwa. Likitocin soja tun lokacin yaƙin sun san da wata larura da suka danganta da girgizar harsashin igwa, wadda ke sa lafiyayyen namiji ya kama makyarkyata, ko ya kurmance, ko ya kasa motsi, kuma a yau ana ɗaukarta rauni ne na ƙwaƙwalwa da tashin hankali mai tsanani ke haifarwa. Duk alamun da Cagney ya nuna na wannan larura ne, amma rubutun fim ɗin ya fassara su da ƙarancin imani da girman kai, ya ba da maganin addu'a da sadaukar da rai. Ɗan wasan ya fi marubutansa fahimtar mutumin da suka ba shi.

Game da Fada Duffy kuwa, fim ɗin bai yi ƙari sosai ba. Sojojin da suka yi zama da shi sun shaide shi da shiga inda harsashi ke zuba domin ɗauko masu rauni da binne matattu, ya sami manyan lambobin yabo daga Amurka da Faransa, ya kuma wallafa tarihin rundunar a 1919, inda ya ƙarasa aikin da Kilmer ya fara kafin wani maharbin Jamus ya kashe shi kusa da kogin Ourcq a ranar 30 ga Yulin 1918 yana da shekara 31. Bayan yaƙi Duffy ya riƙe wata majami'a kusa da dandalin Times Square, kuma da aka taso wa gwamna Al Smith da tambayar ko Bakatolike zai iya shugabancin Amurka, shi ne ya taimaka masa tsara amsa a 1927, ko da yake Smith ya sha kaye a zaɓen 1928 kuma ƙin Katolika na cikin dalilan. Duffy ya rasu a 1932, aka kafa mutum-mutuminsa a arewacin dandalin a 1937, saboda haka lokacin da fim ɗin ya fito, dubban tsofaffin sojojin da suka san shi suna nan da rai a birnin. Hujjar da rayuwarsa ta kafa, cewa mutum zai iya riƙe addininsa da asalinsa kuma ya zama cikakken ɗan ƙasa, ita ce hujjar da 'yan Ailan suka shafe kusan ƙarni guda suna biya da jini, kuma ba su ga cikarta a siyasa ba sai da aka zaɓi John F. Kennedy a 1960, wanda a ziyararsa ta 1963 ya miƙa wa majalisar dokokin Ailan ɗaya daga cikin tutocin wannan runduna na yaƙin basasa.

Saura tambayar ko fim ɗin kira ne zuwa yaƙi. A shekarun 1930 yawancin Amurkawa sun yanke cewa shigarsu yaƙin 1917, wanda ya ci rayukan sojojinsu kusan 116,000, kuskure ne da masu sayar da makamai da bankuna suka jefa su ciki, majalisar dattawa ta binciki wannan zargi daga 1934, aka kafa dokokin 'yan-ba-ruwanmu daga 1935, kuma fim ɗin yaƙi da ya fi tasiri a zukata shi ne All Quiet on the Western Front na 1930, wanda ya nuna samari suna mutuwa a banza. 'Yan asalin Ailan suna cikin waɗanda suka fi ƙin shiga, domin taimakon Birtaniya bai taɓa yi musu daɗi ba, musamman bayan kisan jagororin boren Dublin na 1916, kuma ita kanta Ailan ta ayyana cewa ba ta goyon bayan kowa a sabon yaƙin. The Fighting 69th ya taka a hankali a kan wannan ƙasa mai santsi: bai zagi Jamusawa ba, bai kawo zancen Hitler ba, kuma ya rufe da addu'ar Fada Duffy ta roƙon kada a manta da waɗanda suka mutu, Amurka ta zauna lafiya. Amma duk abin da ya gabaci addu'ar ya mayar wa aikin soja martabar da finafinan shekaru goma da suka wuce suka cire masa, ya kuma nuna wa saurayin da ke tunanin kansa kaɗai cewa ba shi da daraja sai a cikin sahu.

Abubuwan da suka biyo baya sun tafi da sauri. A watan Yulin 1940 shugaba Franklin Roosevelt ya aika Donovan na gaske zuwa Landan domin ya auna ko Birtaniya za ta iya jure wa Jamus, ya dawo da rahoton cewa za ta iya idan aka taimaka mata, kuma daga 1942 ya jagoranci hukumar leƙen asiri ta OSS, wadda CIA ta gaje ta. A watan Satumban 1940 aka kafa dokar tilasta shiga soja karo na farko a lokacin zaman lafiya, a watan Oktoba kuma aka kira rundunar kanta zuwa aikin gwamnatin tarayya, aka tura ta horo a jihar Alabama, daga nan ta wuce tekun Pasifik, inda ta yi yaƙi a tsibiran Makin da Saipan da Okinawa, kuma a Makin aka kashe kwamandanta, Kanar Gardiner Conroy, a watan Nuwamban 1943.